Shin jakada yana da ta cewa, ko bakin gwamnatinsa ne kawai?

Malam, ka tambaya ko jakada yana da ikon bin ra'ayinsa ko kuwa isar da saƙo ne iyakar aikinsa. A ƙa'ida, jakada ba ya kaɗa ƙuri'a sai da umarnin gwamnatinsa, amma abin da ya faru a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1994 ya nuna cewa yana da rawar takawa, ko da ƙarama ce.

Lokacin da kisan ƙare dangi ya ɓarke a Ruwanda a watan Afrilu, Najeriya tana cikin kwamitin, Farfesa Ibrahim Gambari ne wakilinta, kuma yana cikin 'yan tsirarun da suka nemi a ƙarfafa rundunar kiyaye zaman lafiya maimakon a janye ta. Ba su yi nasara ba, domin a ranar 21 ga Afrilu kwamitin ya rage rundunar zuwa mutum 270, alhali wakilin gwamnatin da ake kisan a ƙarƙashinta yana zaune a teburin, yana jin duk abin da ake tattaunawa. Sai a tsakiyar Mayu aka amince da tura sojoji 5,500, su ma ba su isa da wuri ba.

Colin Keating na Niyu Zilan, wanda ya shugabanci kwamitin a wannan Afrilun, ya koma zauren a 2014 ya nemi gafara a bainar jama'a kan gazawar kwamitin. A ganina ya kyauta, domin shi ma yana cikin waɗanda suka matsa a ɗauki mataki tun ana tsaka da kisan.