Amsa: yadda kernel (zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) ke gano firosesa a x86, ARM da RISC-V, wato nau'o'in firosesa uku

Malam, ka ce kernel ɗinka yana ganin dukkan firosesa a x86, amma a ARM ɗaya kacal yake gani. Dalili shi ne kernel ba ya ƙirga su da kansa, firmware, wato manhajar da ke fara aiki idan an kunna na'ura, ita ce ke miƙa masa jerinsu, kuma kowane gida da irin nasa tsarin.

A x86 teburin MADT na ACPI (tsarin da firmware ke bayyana kayan na'ura da shi) kake karantawa, ka ɗauki lambar APIC ta kowanne, wato lambar da ake aika masa saƙo da ita, sannan ka tashe su da saƙonnin INIT da SIPI. Yawancin ƙananan allunan ARM kuwa ba su da ACPI sam. Buɗe device tree, wato bayanin da ke lissafa kayan allon, ka shiga reshen /cpus. A ƙarƙashin kowane firosesa akwai reg mai ɗauke da lambar MPIDR, wato lambar shaidarsa, da enable-method mai gaya maka yadda za ka tashe shi: ko PSCI, inda kake roƙon firmware ta tashe shi ta kiran CPU_ON, ko spin-table, inda yake jira har ka rubuta masa adireshin da zai fara, irin na Raspberry Pi 4.

RISC-V ma device tree ne, sai dai SBI, hanyar da kernel ke kiran firmware, ke tayar da su. A nan ka yi hattara ƙwarai: kada ka ɗauka hart 0 ne ya fara tashi (hart shi ne firosesa a RISC-V), karanta lambar wanda ya fara tashi daga rajistar a0. Wanda aka rubuta wa disabled kuma, tsallake shi.

Shawarata, ka raba aikin ganowa da na tayarwa tun yanzu, ka gwada duka ukun a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta.