Hukuncin shan siga, tabar Kuba mai kauri, ga wanda ya ce ba ya haɗiye hayaƙin

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah shi ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗan kasuwa ne nan Sakkwato, harkar yadi da shadda nike yi. Shekara uku da sunka wuce na tai Dubai sarin kaya, to akwai wani Balarabe da muke hulɗa da shi, ranar da munka ƙulla ciniki mafi girma da na taɓa yi a rayuwata sai ya ce lallai in zo gidanai cin abincin dare. Bayan an ci an sha shayi ya ɗauko wani ɗan akwatin katako ya buɗe, wallahi Malam ƙamshin da ya fito ban taɓa jin irinai ba, kamar itace da gahawa haɗe. Ya ce wagga ita ce siga ta ƙasar Kuba, da hannu ake naɗa ta, ganye ne zalla ba takarda. Ya yanke bakinta da ɗan abin yanka ya kunna min, ya ce kar ka haɗiye hayaƙin, ka juya shi a baki ka fitar. Mun fi awa ɗaya zaune muna fira, ni da ko sigari ban taɓa sa wa bakina ba, ko shisha da yara ke sha ban taɓa ba, amma daren nan na ji wata natsuwa kuma na ji kamar yau na zama wani. Tun daga nan duk tafiya sai na sawo akwati, yanzu ina sha sau biyu ko uku a sati bayan isha'i a tsakar gida. Uwargida ta tada hankali ta ce haramun ne, wani abokina kuma mai ɗan karatu ya ce manyan malaman Malikiyya sun halatta taba har da Ahmad Baba na Tumbutu, kuma ai wagga ba a haɗiye ta balle ta taɓa huhu. Mi ne gaskiyar hukuncin? In haramun ce, ina da akwati guda da ban buɗe ba mai tsada ƙwarai, zan iya saida shi ko in ba wani kyauta?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bismillah, wassalatu wassalamu ala Rasulillah.

Alhaji, Allah shi saka maka da alheri da ka faɗi abin yadda yake ba ka ɓoye komi ba, har daɗin da ka ji ka faɗa, kuma wannan ya taimake ni don sai likita ya san inda ke ciwo. Abin da nike gani kuma nike ba da fatawa da shi, shan siga haramun ne kamar yadda shan sigari yake haramun, rashin haɗiye hayaƙi bai canja hukuncin ba. Amma ba zan bar ka da kalma guda ba tunda abokinka ya kawo maka sunan malami, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya kawo.

Taba ba ta nan zamanin Manzon Allah (SAW), ba ta nan zamanin Imam Malik, shi ya sa ba za ka samu aya ko hadisi da sunanta ba. Ganye ne na nahiyar Amurka, mutanen Kolombas, Baturen matuƙin jirgin ruwa da ya isa can, ne sunka fara ganin 'yan asalin tsibirin Kuba suna naɗe ganyen suna kunnawa a 1492, wato ita wagga siga taka ita ce ma asalin abin, sigari daga baya ta zo. Ba ta shigo ƙasashen Musulmi sosai ba sai wajen shekara ta 1000 bayan hijira. Da ta shigo malamai sunka rabu, kuma rabuwar cikin gidanmu na Malikiyya ta fi zafi. Shehu Ahmad Baba na Tumbutu, wanda anka kama anka tafi da shi Marrakish bayan sojojin Maroko sun ci daular Songhai a 1591 miladiyya, ya yi rubutu wajen 1607 yana ganin halaccinta. Shehu Aliyu al-Ujhuri na Misra, wanda ya rasu 1066 bayan hijira, shi ma ya halatta. A wancan gefen kuma Shehu Ibrahim al-Laƙƙani, shi ma Bamalike ne a Misrar, ya rasu 1041 bayan hijira, ya rubuta nasiha yana hani da ita, kuma nan kusa da mu ƙasar Bagirmi, cikin Chadi ta yau, wani malami Bafulatani, Muhammad al-Wali, ya yi talifi guda a kan haramcinta tun ƙarni na 17 miladiyya. Su mutanen Tijjaniyya kuwa kowa ya san Shehu Ahmad Tijjani ya hana almajiransa ita.

To abin da abokinka bai gaya maka ba shi ne, waɗanda sunka halatta ba hakanan kawai sunka halatta ba, a kan ƙa'ida sunka gina, cewa asalin abubuwa halas ne har sai an samu dalilin hani, sunka duba sunka ga ba ta gusar da hankali kamar giya, kuma a iya sanin zamaninsu ba a tabbatar tana cutar da jiki ba, wasu ma a matsayin magani sunka ɗauke ta. Shi kansa al-Ujhuri da sharaɗi ya yi maganar, matuƙar ba ta gusar da hankalin mai sha ba kuma ba ta cutar da jikinsa ba. Ka ga kenan fatawarsu tana rataye ne ga wani abu da likita ke da ta cewa a kai. Kuma likitoci sun faɗa. Daga 1950 bincike ya fara nuna alaƙar taba da kansar huhu ƙarara, a 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya rufe gardamar, yau kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara. Malamai na cewa hukunci yana zagayawa da illarsa, wato dalilin da anka gina shi a kai, in ta samu ya samu, in ta kau ya kau. Sharaɗin da sunka sa ya faɗi, don haka wanda ya riƙe maganarsu yau yana sha, ya riƙe lafazinsu ne ya saki ƙa'idarsu. Ni ba na yarda a zagi waɗannan bayin Allah, sun yi ijtihadi da abin da ke hannunsu kuma suna da ladarsu, amma ba na yarda kuma a fake da su.

Dalilan kuwa sanannu ne. Allah ya siffanta Annabinmu a Suratul A'araf aya ta 157 da cewa yana halatta masu abubuwa masu daɗi da tsarki, yana haramta masu munana. Ya ce a Baƙara aya ta 195 kada ku jefa kanku ga halaka, ya ce a Nisa'i aya ta 29 kada ku kashe kanku. Sannan ga hadisin da kowane ɗan makarantar Islamiyya ya haddace cikin Arba'una, wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, la darara wa la dirar, babu cuta babu cutarwa.

Yanzu mu zo kan inda ka fi dogara, batun rashin haɗiya, don nan ne shubuhar take kuma nan nike so ka natsu. Siga ba ta buƙatar huhunka kafin ta shiga jininka. Ganyenta ana tara shi ne a bar shi ya ruɓa a hankali ya gumu tsawon lokaci, wanga aiki shi ke ba ta ƙamshin da ya ɗauke ka, kuma shi ne ke sa hayaƙinta ya zama irin wanda nikotin ɗin cikinsa, sinadarin da ke sa mutum ya kamu da taba, ke ratsa fatar cikin baki kai tsaye, shi ya sa mai sigari sai ya ja har ƙirji kafin ya ji abin da yake nema, kai kuwa a baki kawai ka juya ka ji. Waccan natsuwar da ka ce ka ji a daren farko, to ita ce shaidar cewa abin ya shiga, da bai shiga ba da ba ka ji komi ba. Kuma wannan gumuwar ganyen tana ƙara yawan wasu sinadarai masu jawo kansa. Babbar siga guda tana iya ɗaukar taba daidai da kwalin sigari cikakke mai kara 20, kai kuma ka ce awa guda kake zaune da ita a baki. Leɓe, harshe, dasashi, maƙogwaro, maƙoshi da hanyar abinci duk suna cikin hayaƙin nan, sannan miyau yana kwasa kana haɗiyewa ko ka so ko ba ka so ba, shi ya sa likitoci ke lissafa kansar baki da ta maƙogwaro da ta hanyar abinci cikin abin da masu siga ke kamuwa da shi ko da ba sa ja har huhu. Gaskiya ne wanda ba ya haɗiyewa haɗarin huhunsa bai kai na mai sigari ba, ba zan ɓoye maka wannan ba, amma Shari'a ba huhu kaɗai ta ba ka amana ba, harshen da kake karatun Alƙur'ani da shi ma amana ne.

Kuma ko a Kubar ka duba. Fidel Castro, tsohon shugaban ƙasar, wanda dominsa anka fara naɗa Cohiba, mafi shaharar siga tasu, wanda duniya ta san shi da ita a baki, ya daina sha a 1985.

Sai batun tsakar gida. Hayaƙin da ba ka haɗiye ba ina yake zuwa? Uwargida da yara ke shaƙar shi, su da ba su zaɓa ba, wannan shi ne rabi na biyu na hadisin la darara wa la dirar, cutarwa. Don haka maganar da ta yi maka gaskiya ce kuma haƙƙinta take nema, ka gode mata kar ka ɗauke ta da zafi. Haka masallaci, Annabi (SAW) ya ce wanda ya ci tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallacinmu, hadisin na cikin Bukhari da Muslim, alhali albasa halas ce, mu nan ma ita muke nomawa muna tura wa kudu tirela-tirela. Warin siga yana kama gemu da babbar riga har asuba, wanda ke kusa da kai a sahu shi ya san abin da yake ji ko kunya ta hana shi magana. Ba ta warware alwala, wannan kam a'a, amma da rana cikin Ramadan tana karya azumi.

Dukiya kuma kai ka ce da bakinka mai tsada ce ƙwarai. Kuɗin da ake kunna wa wuta a kan abin da ba ya ƙosarwa ba ya magani, shi ne tabziri da Allah ya hana a Suratul Isra'i aya ta 26 da 27, kuma samun wadata ba ya mai da shi halas, don tabziri ba a yawan abin da ya rage maka ake auna shi ba, a inda kuɗin ya tafi ake aunawa. Tirmizi ya ruwaito cewa ƙafar bawa ba za ta gusa ba ran ƙiyama sai an tambaye shi dukiyarsa ina ya samo ina ya kashe, da jikinsa a mi ya ƙarar da shi, wagga taba ta haɗa maka tambayoyin biyu wuri guda.

Akwai abin da na lura cikin wasiƙarka da nike so in faɗa maka a matsayin ɗan'uwa. Ka fi tsawaita bayanin daren nan fiye da ita tabar. Ka yi babban ciniki, babban mutum ya kai ka gidansa ya girmama ka, ka zauna awa guda ba waya ba mai bin bashi ba yaron shago yana kira, ka ce ka ji kamar ka zama wani. Ni a ganina abin da kake komawa nema kenan duk bayan isha'i, sai nikotin ya zo ya ɗaure abin biyu tare har kake zaton ganyen ne ya ba ka. Girman Allah ne ya ba ka ta hanyar sana'arka ta halas, tun kafin a buɗe akwatin kana da shi. Zaman natsuwa kuma ba wanda ya haramta maka, ka ci gaba da zamanka a tsakar gida, a dafa maka shayi ko gahawa, a sa turaren wuta mai kyau tunda kai mai son ƙamshi ne kuma Annabi ya so ƙamshi, ka kashe waya, ka kira iyalinka su zauna da kai. Kuma in ka koma Dubai mutumin ya miƙo maka, ka ce masa ka bari, ba sai ka yanke hulɗa da shi ba, ciniki ba ya lalacewa don wannan.

Akwatin da ya rage ba za ka saida ba, don ya zo a hadisi cewa Allah in ya haramta abu yana haramta kuɗinsa, kuma ba za ka yi kyauta da shi ba, wannan ma ya fi ban tsoro a wurina, don kai ma kyauta anka yi maka ranar farko ga shi shekara uku kana ciki, kar ka zama kai ne ka buɗe wa wani ƙofar, Allah ya ce a Ma'ida aya ta 2 kada ku taimaki juna a kan zunubi. In wanda ya saida maka zai karɓi kayansa ya maido maka kuɗinka, wasu malamai za su sauƙaƙa a nan tunda warware ciniki ne, amma kar ka ajiye shi a ɗaki wata da watanni da sunan jiran tafiya, ni abin da na fi so maka ka farfasa su ka jiƙa da ruwa ka binne yau ɗin nan. Kuɗin ya riga ya tafi tun ranar da ka saya. Imam Ahmad ya ruwaito cewa ba za ka bar wani abu don Allah ba face ya musanya maka da wanda ya fi shi.

Abin da ya wuce ka sha bisa shubuha, ka yi istigfari ka yi tuba, babu wata kaffara a kanka. Satin farko da na biyu za ka iya jin ƙunci da saurin fushi da kwaɗayinta musamman lokacin da ka saba kunnawa, wannan aikin nikotin ne kuma yana raguwa, ka gaya wa uwargida tun yanzu don ta yi haƙuri da kai, ka riƙe asuwaki a wannan lokacin. In abin ya yi maka nauyi ka ga likita, akwai taimakon da suke bayarwa kuma neman magani ba rauni ba ne. Sannan tunda ka yi shekara uku kana sha, ka tai asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wajen likitan haƙori a duba maka baki da maƙogwaro, musamman in kana da wani gyambo ko farin tabo a baki da ya wuce sati biyu bai warke ba, ko muryarka ta dushe ta ƙi komawa.

Allah shi sauƙaƙa maka barinta, shi sa albarka ga kasuwarka da iyalinka. Wallahu a'alam.