Amsa kan mafarin Kogin Kwara da cikowarsa a lokacin ɗari

Assalamu alaikum. Malam, ka tambayi inda Kogin Kwara ya samo asali da inda ya gamu da Binuwai, da kuma dalilin da ya sa ruwansa ke ƙaruwa a lokacin ɗari alhali ko ɗigon ruwan sama babu. Zan amsa gwargwadon abin da na karanta da abin da na gani a shekarun da na yi ina fataucin busasshen kifi tsakanin Yawuri da Lakwaja.

Mafarin kogin yana cikin tsaunukan ƙasar Gini, kusa da iyakar Saliyo, kimanin kilomita 240 kacal daga Tekun Atilantika. Maimakon ya gangara tekun, sai ya ba shi baya ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa Bamako da Segu, ya karɓi Kogin Bani a Mopti, ya kai gab da Tumbutu a bakin Sahara, sa'an nan ya karkato kudu maso gabas ta Gawo da Yamai da Gaya ya shigo Jihar Kebbi. Kafin ya isa teku ya yi tafiyar kusan kilomita 4,180.

Amsar tambayarka ta ƙarshe tana ƙasar Mali. Tsakanin Segu da Tumbutu ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai, saboda haka idan ruwan daminar Gini ya iso nan sai ya bazu cikin fadamu da tafkuna, ya yi watanni yana jan jiki, rana ta shanye kaso mai yawa, laka kuma ta kwanta. Ragowar ce take isa Yamai wajen Janairu, mu ma ta same mu cikin hunturu. Masunta sun fi kowa sanin wannan. A bakin ruwan Yawuri na sha ganin turken da aka ɗaure jirgi ya nutse cikin 'yan kwanaki, ga hazo ya rufe gari, ga ruwan garau har kana hango yashi a gefe, saɓanin na watan Agusta da Satumba mai kauri da laka, wanda Gulbin Kebbi da sauran rafukanmu ke kawowa bayan Rima ya gamu da Kogin Sakkwato. Wannan cikowa ta biyu tana taimaka wa madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, wajen samun ruwan ba da lantarki da rani.

Daga Jebba kogin yakan karɓi Kogin Kaduna a ƙasar Nufe, daura da Fatigi, sai Lakwaja, inda ya gamu da Binuwai. Shi kuwa Binuwai daga tsaunukan Adamawa na Kamaru ya taso, ya bi ta Garwa da Yola, Gongola ya zuba masa a Numan, ya wuce Ibi da Makurɗi. A ganina mutane suna raina Binuwai don sunan Kwara ya fi tashi, alhali a tsakiyar damina ruwan da yake kawowa mahaɗar yakan fi na Kwara yawa, domin shi bai ratsa hamada ba, kuma babu wata babbar fadama da ta tsare shi a hanya. Shi ya sa duk lokacin da aka saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru a kan ruwan sama mai yawa, hankalin mutanen Lakwaja yake tashi. A ambaliyar 2022 ruwa ya hau hanyar Abuja zuwa Lakwaja ta wajen Koton Karfe, manyan motoci suka yi kwanaki a jere, kayan gwari suka ruɓe a cikinsu.

Idan kana son ganin mahaɗar da idonka, ka hau Dutsen Patti da ke Lakwaja da safe kafin rana ta yi zafi, ko ka ɗauki jirgin ruwa daga bakin gari, amma ka nemi matuƙin da ya san wurin, domin da rani tsibiran yashi suna sauya wuri.