Wuni ɗaya zai isa a zaga Kantabari daga Landan?

Malam, ka tambaya ko wuni ɗaya zai ishe ka, kuma ko ana barin wanda ba Kirista ba ya shiga babban cocin. Zai isa, kuma kowa na shiga, sai dai mai yawon buɗe ido yana sayen tikiti.

Ka hau jirgin ƙasa mai sauri daga tashar St Pancras zuwa tashar Canterbury West da ke Kantabari, tafiyar kamar awa ɗaya. Na tashar Victoria ya fi jan lokaci. Fara da cocin tun da safe kafin a cika. A ciki ne jarumawan Sarki Henry na II su huɗu suka kashe Akbishop Thomas Becket, babban limamin cocin, a 1170, har yau ana nuna wurin. Daga nan ka taka zuwa kufan gidan ibadar St Augustine, mai wa'azin Kirista da ya iso garin a 597, sai ƙaramin cocin St Martin. Mutane da yawa na tsallake wannan na ƙarshe, a ganina asara ce.

Kada ka zaɓi Lahadi, lokacin baƙi kaɗan ne saboda ibada. Wani lokaci ma ana rufewa don bikin yaye ɗaliban jami'a, don haka duba shafin cocin tukuna. Maganar biza kuwa, bi shafin gwamnatin Birtaniya, ka rabu da 'yan tsakiya.