Tambayoyinku: Kwamfutar zanen injiniya da manhajar sata

Wata ɗaliba da ke aji biyu a fannin injiniyan ƙere-ƙere ta rubuto cikin damuwa: "Babana ya sha wahala ya saya mini kwamfuta ta hannu mai RAM 8, yanzu abokan karatu sun ce ba za ta ɗauki SolidWorks ba. Shin kuɗinsa ya tafi a banza?"

Kwantar da hankalinki, 'yata, kuɗin Baba bai faɗi ƙasa ba. Gaskiya ne kamfanin Dassault na Faransa, mai manhajar zanen injiniya ta SolidWorks, RAM (ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita) mai GB 16 yake nema, amma ke ba jirgin sama za ki haɗa ba. Aikin aji biyu ƙusa ne da noti da ɗan giyar inji: ki zana fuska ɗaya, ki ja ta ta yi kauri, ki huda, ki goge gefe. Ki sa FreeCAD, ita ma manhajar zanen injiniya ce, kyauta ce, kuma tun da sigarta ta 1.0 ta fito a Nuwamban 2024 ta gyaru sosai. In hali ya samu, ki kai wa mai gyara ya duba ko akwai gurbin ƙara RAM.

Wani mai walda ya ce ya ga ana abin mamaki da Blender, manhajar ƙirƙirar hotuna masu siffar 3D, ko ya koya don zanen injin casar shinkafa? A'a, malam. Blender fatar abu take ɗinkawa da ƙananan faci domin ya yi kyau a ido. Kai kuwa kana buƙatar manhajar da ta san ƙarfen daskararre ne, ta faɗa maka nauyinsa, ramin milimita 12 ya fito 12 cif.

Sai wanda ya ɓata mini rai. Ya ce an yi masa tayin "cikakkiyar" SolidWorks da AutoCAD a filashi, ya saya? Haba, ɗan'uwa! Manhajar da kamfanoni ke biyan dubban daloli kafin su samu, ita ce wani zai tura maka a kuɗin katin waya? Ta sata ce, an fasa ta. Abu na farko da mai sa maka zai ce shi ne ka kashe manhajar tsaro, wato ka buɗe ƙofa ka kwanta. A wannan kwamfutar kake shiga bankinka, a cikinta aikinka na kammala karatu yake. Na sha ganin ɗalibi yana hawaye ana saura mako ɗaya ya miƙa aiki, fayil ya ƙi buɗuwa, ba kuma wanda zai kai wa ƙara. Abin takaicin ma, ba dole ce ta sa ba. Autodesk, kamfanin da ke da AutoCAD, na bai wa ɗalibai da malamai lasisin shekara guda kyauta, ana kuma sabuntawa, har da manhajojinsa na zane Fusion da Inventor, in ka nuna shaidar makaranta. Manhajar zane ta Onshape ma na da tsarin kyauta ta intanet, sai dai zanenka zai zama a buɗe ga kowa, kuma data za ta sha wuta. Duk wacce ka ɗauka, ka riƙa ajiye kwafi a tsarin fayil na STEP, don kusan kowace manhajar zane tana karanta shi.

Mai tambaya ko MacBook, kwamfutar kamfanin Apple, za ta yi aikin zanen kuma, ka sani SolidWorks a Windows take aiki. Kuma kafin ka biya kuɗin kowace kwamfuta, kada ka yarda da sitikar da ke jikinta. A kunna a gabanka, ka buɗe Task Manager, shafin Windows mai nuna abin da ke cikin kwamfutar, ka ga RAM da katin hoto da idonka, sannan a zare caja ka ga ko batirin zai riƙe.