Tambaya da Amsa: PHP ko Python don shagon Kawu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kawuna yana da shagon turare, dabino da jallabiyoyi a nan Jidda, yawancin masu saye alhazai ne da 'yan kasuwar Kano da Damagaram. Littattafan bashi sun yi mana yawa. Ina so in gina masa shafin intanet mai ajiye kaya, sunayen masu saye da abin da ake bin kowa. Abokaina sun ce PHP ya tsufa, in koyi Python. Wanne zan kama? Daga wani ɗalibi a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi maka albarka da wannan niyya. Ka kama PHP, yaren rubuta manhajar shafi, da MySQL, rumbun ajiye bayanai. Maganar tsufa kuwa, Python ne ma babba: a 1991 ya fito, PHP sai 1995. WordPress, manhajar gina shafi da ɗimbin shafukan duniya ke kanta, da PHP aka rubuta ta, shi ya sa kusan duk kamfanin da ke ba da hayar masaukin shafi da 'yan riyaloli kaɗan za ka tarar ya tanadi PHP da MySQL. Python da Django, kayan aikinsa na gina shafi, suna da kyau ƙwarai, amma ɗora su a masauki yakan wahalar da sabon hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne rumbun bayanan. Kafin ka taɓa kwamfuta, zauna da Kawu da littafinsa, ka ware tebur uku a takarda: kaya, masu saye, ciniki. Kada ka yi ta maimaita sunan Alhaji a kowane layi. Ba shi lamba ɗaya, ita za ta riƙa bin cinikinsa.

Sannan tun ranar farko ka saita rumbun a kan utf8mb4, tsarin ajiye haruffa da ke ɗaukar na Larabci da na Hausa. Wannan ya taɓa cizona. Shekarun baya na yi wa wani mai aika kaya irin wannan aiki a Makka, na bar tsohon saitin latin1, wanda MySQL ke zuwa da shi kafin fitowar 8.0 a 2018. Da muka buɗe, sunayen da aka shigar da Larabci duk sun koma alamar tambaya, ƙ da ɗ ɗinmu ma ba su tsira ba. Kwana uku muka yi muna sake shigarwa daga rasit.

Kwanan wata ka ajiye shi da miladiyya, in za ka nuna sai ka juya shi zuwa hijiriyya ta Ummul Ƙura, kalandar Saudiyya. Duk abin da mutum ya rubuta a shafin, kada ka manna shi kai tsaye cikin umarnin SQL, wato yaren da ake ba rumbun umarni da shi, don ta wannan ƙofar ɓarayin intanet ke shiga. Bi da shi ta PDO, kayan aikin PHP na magana da rumbu, a hanyar da ke raba umarni da abin da mutum ya rubuta.

In shafin zai riƙa fitar da rasit, ka tuna harajin VAT na kashi 15 cikin ɗari da dokar rasit na lantarki ta ZATCA, hukumar harajin Saudiyya, dokar da ta fara aiki a Disamban 2021. Akawun Kawu zai nuna maka abin da ya shafe ku. Ka gaishe min da shi.