Tambayoyi da amsoshin lafiya: tace ruwan sha da irin zogale

Tambaya: Likita, ruwanmu na rafi ne, da damina jawur yake zuwa. An ce irin zogale yana gyara shi. Gaskiya ne, kuma yaya ake yi?

Amsa: Gaskiya ne, Malam. Farar ƙwayar da ke cikin irin tana ɗauke da wani furotin da ke kama burbushin laka masu yawo a ruwa, ya dunƙule su har su yi nauyi su sauka ƙasa. Ƙwayoyin cuta da yawa manne suke da lakar nan, don haka tare suke sauka.

Ka samu irin da ya ƙosa ya bushe a jikin bishiya, domin ɗanye ba ya aiki sosai. Ka ɓare ɓawon, ka zubar da duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yi fumfuna. Idan ruwan ya yi kauri da laka, ƙwaya 1 ga kowace lita. Idan duhunsa da sauƙi, ƙwaya 1 ga lita 2. Wato bokiti mai lita 20 zai ci tsakanin 10 zuwa 20. Ka daka ta yi laushi, ka tankaɗe, ka zuba garin a kwalba da ɗan ruwa mai tsabta kamar kofi guda, ka girgiza da ƙarfi na minti 1 zuwa 2. Ka tace wannan farin ruwan da ƙyalle mai tsabta cikin bokitin. Daga nan ka juya da sauri na minti 2, sannan a hankali na minti 5 zuwa 10. Juyin hankalin nan mutane suka fi tsallakewa, alhali a lokacinsa ne dunƙulen ke haɗuwa su yi girma. Ka rufe bokitin, kada a taɓa shi har awa 1 zuwa 2, sannan ka tsiyaye na sama a hankali, ka bar lakar a ƙasa.

Tambaya: Likita, na gwada, amma ruwan ya yi fari-fari bai kwanta ba, washegari kuma ya fara wari. Ina na kuskure?

Amsa: Malama, garin ne ya yi yawa. Wanda bai samu lakar da zai kama ba sai ya tsaya a ruwan, ya sa shi fari, ya kuma zama abincin ƙwayoyin cuta, shi ne warin da kika ji. Ki jera kwalabe uku na lita guda, ki sa rabin ƙwaya a ta farko, guda a ta biyu, biyu a ta uku, ki ga wacce ta fi kwanciya, ki bi wannan awon. Haɗin kwalbar kuma sabo ake yi kowane lokaci, ba a kwana da shi. Ruwan da aka tace haka a yi amfani da shi a ranar. Idan dama ruwan ba shi da laka sosai, zogale ba zai ƙara masa wani abin kirki ba.

Tambaya: Likita, tunda ruwan ya fito garau, zan iya ba yarana ba tare da na tafasa ba?

Amsa: A'a, 'yar'uwa, ina roƙonki kada ki yi haka. Zogale yana rage ƙwayoyin cuta ne, ba ya kawar da su duka. Ruwa yana iya zama garau a ido amma yana ɗauke da kwalara ko taifot, kuma gudawa saurin galabaitar da ƙaramin yaro take yi. Bayan kin tsiyaye, ki tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti 1 cikakke. Ko ki sa kulorin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta na ruwan sha, yadda aka rubuta a jikin maganin, ki jira minti 30. Ko ki zuba shi a gorar roba mai haske, ki kwantar da ita a rana mai ƙarfi na awa 6, kwana biyu idan akwai hadari. Kulorin da rana duk ba sa aiki yadda ya kamata a ruwa mai laka, a nan amfanin zogale yake: shi ke share musu hanya. Ki adana ruwan a abu mai murfi, kada hannu ya shiga. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ba a ba shi ruwa.

Tambaya: Likita, rijiyarmu tana da ɗanɗanon gishiri, wani lokaci har da warin fetur. Zogale zai cire?

Amsa: Ba zai cire ba, Malam. Abin da ya narke a ruwa, kamar gishiri, fetur ko maganin feshin gona, ya fi ƙarfin zogale, tafasawa ma ba ta cire gishiri. Ku daina shan ruwan rijiyar nan, ku kai shi a gwada a ɗakin gwajin ruwa.